Ranar da Dada ta ajiye ludayi

Ni 'yar mai fura ce, jikar mai fura. An haife ni a Ngaundare, a yankin Adamawa na ƙasar Kamaru, a shekarar 1977, a gidan da ba a taɓa ɗaure ko akuya ba, amma tun ban san dama da hagu ba ƙanshin nono nake shaƙa. Babanmu mahauci ne, daga baya ya koma cikin masu lodin shanu a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Inna kuwa fura take kirɓawa ta kai bakin kasuwa. Mai fura ba ta da sana'a sai da mai nono, don haka abincin gidanmu a rataye yake a wuyan wata Bafilatana da ke zuwa daga ruga ta wajen hanyar Maiganga, gaba da Wakwa. Mu yara Dada muke ce mata. Ita kuma in ta gan ni sai ta ce "ɓingel am", wato 'yata.

Bayan asuba take kamo hanya a ƙasa, hantsi ya yi mata a ƙofar gidanmu, ƙore uku a kanta, kowace da faifanta. Fiye da shekara ashirin suna hulɗa da Inna, ban taɓa ganin Inna ta ɗanɗana nonon kafin ta biya ba. Ran da babu kuɗi Dada ta sauke ta tafi, sai wata ranar. Da salla Inna ta yanka mata atamfa ta haɗa da gishiri da kanwa, in an yi haihuwa a gidanmu kuma man shanun mai jego daga rugar Dada yake fitowa.

Ina 'yar shekara 12 na yi hutun damina a wurinta, a nan na fara ganin tatsa da idona. Sai a saki maraƙi ya kama nono tukuna, in ruwan ya sauko a janye shi a ɗaure kusa da uwar tana lasarsa, sannan a tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Saniyarmu ba ta sakin nono in ba ta ga ɗanta ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ake samu. Ga gudali, irin shanun yankinmu, ƙatuwa, tozo kamar tulu, amma in an bar wa maraƙi rabonsa, lita ɗaya da rabi ko biyu ne ke shiga ƙwarya, wannan ma da damina. Gudali saniyar nama ce. Mijin Dada kawuna yake ƙirgawa, bai san lita ba, bai kuma damu ba, domin a ruga shanu na maigida ne, nono na mata. Da kuɗin nono Dada take sayen gero da sabulu da maganin yara, da shi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki.

A shekarun 1990 aka kafa masana'antar madara a garinmu da taimakon ƙasar Kanada. Motoci suna shiga ƙauyuka da safe suna karɓar ɗanyar madara a auna da lita. Sai kuma ga watan Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, madarar gwangwani ta yi tsadar da talaka ya daina kallonta. Kowa ya ce to, lokacin nonon gida ya zo. Bai daɗe ba. A farkon shekarun 2000 masana'antar ta rufe. Amma ta bar abu ɗaya: makiyayan kewayen gari sun riga sun gane ɗanyar madara kuɗi ce a hannu. Samari suka sayi babura suna ɗauro jarkoki, shagunan shan nono suka buɗe a unguwa-unguwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ran da nono ya bar ƙwarya ya shiga jarka, ran nan ya fara barin hannun mata. Mai babur da maigida yake ciniki, kuɗin kuma aljihun maigida yake faɗawa. Na san mata da yawa a ruga da suka wayi gari suna roƙon kuɗin sabulu alhali su ne ke tsugunawa su yi tatsar.

An yi mini aure a 1995. Mijina direba ne a hanyar Garwa. A 2007 Allah ya karɓi abinsa a hatsarin mota a gangaren dutsen nan na hanyar, ya bar ni da yara huɗu. Da na fita takaba na sayar da gadona da kwanukan jerena, na sayi tsohon firji da manyan tukwane biyu, na kama ɗan shago kusa da tashar jirgi. Kindirmo, fura, dakere (dambun hatsi da ake sha da nono), madara mai zafi da safe. Dada ta tsufa a lokacin, ba ta iya tafiyar ƙasa, ɗanta na biyu ne yake kawo mini a babur.

Wanda bai yi wannan sana'a ba yana zaton matsalarmu rashin nono ne. Ya zo ya ganmu a watan Agusta. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ake yi a Adamawa, ciyawa har gwiwa, kowace ruga tana ambaliya. Masu babura su yi layi a ƙofar shagona suna roƙo na karɓa ko a nawa ne, ni kuma firjina lita 60 ne cikinsa. Hanyoyin ruga duk sun zama taɓo. Madarar da aka tatsa ƙarfe shida, aka zuba a jarkar roba da ba ta wanku sosai ba, babur ya maƙale da ita a rafi, in ta iso ƙarfe goma sha ɗaya ta riga ta juya. Nakan ɗebi kaɗan a cokali na ɗora a wuta, in ta tsinke shi ke nan. Na sha kallon yaro yana tuttular da lita 20 a kwata yana share hawaye, don ya san abin da zai tarar a gida. Wasu kuma don tsoron hakan sukan zuba abin da bai kamata ba a ciki don kada ta yi tsami, wasu su ƙara ruwa. Sai da aka koya mana wani ɗan ma'auni mai kama da na zafin jiki, da ake tsomawa a madara ya nuna ko an yi mata haɗi, sannan na huta da rantse-rantse.

Daga Nuwamba kuma sai labari ya sha bamban. Ciyawa ta bushe, gobarar daji ta cinye saura, garkuna su gangara kwarin Faro ko na Jerem neman ɗanyar ciyawa da ruwa. 'Yan shanun da aka bari a gida haƙarƙarinsu a waje, hantsa ta shanye, abin da ke ciki ko maraƙi bai isa ba. A watan Fabrairu da Maris, lokacin da zafi ya sa kowa ke neman abu mai sanyi, a lokacin ne babu nono. Wanda ke kawo mini lita 40 sai ya zo da biyar, wata rana ya aiko a ce a yi haƙuri.

A nan ne buhu ya shigo rayuwata.

Wata maƙwabciyata a sana'a ce ta nuna mini. Garin madara ne a buhu mai kilo 25, daga Turai, ta tashar jiragen ruwan Duwala. Kilo ɗaya yana ba da wajen lita takwas, buhu guda kusan lita 200 ke nan. Ba ya tsami, ba ya jiran babur, bai san rani ba. Ka dama da ruwan ɗumi, ka zuba ɗan tsohon kindirmo, ka rufe, da safe ya kama. In ka yi lissafi, litarsa ta fi ta saniya araha ko da damina, balle da rani. Na fara da cewa na watanni uku ne kawai, kafin ruwa ya sauka. Shekara ta gaba na haɗa rabi da rabi tun daga Disamba. Kafin na ankara, har da damina ina mayar da ɗan Dada da rabin kayansa, ina ce masa ciniki ne babu, alhali buhu na jingine a bayan labule. A jikin allon shagona kuwa an rubuta nonon shanu zalla. Duk wanda ya tambaya sai na ce daga ruga ne. Na yi shekara kusan biyar a haka. Ina salla, ina azumi, ina wannan ƙaryar kullum safe.

A ranin 2016 aka kawo Dada asibiti a gari saboda idonta. Da aka sallame ta ta ce ba za ta koma ba sai ta ga shagon 'yar ƙawarta, don Inna ta rasu shekara biyu kafin nan. Na shimfiɗa mata tabarma, na dama fura da hannuna, na zuba kindirmon da ya fi kauri. Ta yi bisimilla ta kai ludayi baki. Sau ɗaya. Ta riƙe shi a bakinta jim kaɗan, ta haɗiye, sannan ta kwantar da ludayin a kan faifai a hankali.

Ta ce, "Ɓingel am, wace saniya ce ta ba ki wannan?"

Na ce, "Dada, rani ne."

Ta ce, "Na san rani. Na girme ki da rani hamsin. Ban ce kada ki nemi abincin marayu ba. Amma ɗana yana dawo mini da nono yana cewa gari ba sa sha. Ashe suna sha."

Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma ƙara taɓa ludayin ba. Ta yi mini addu'a, ta yi wa yara, aka ɗora ta a babur. Na rufe shago tun kafin la'asar na shige ɗaki.

A daren na sa babban ɗana, wanda yake makarantar sakandare a lokacin, ya karanta mini rubutun da ke jikin buhun. Ya karanta ya sake karantawa, ya ce, "Umma, wannan ai ba cikakkiyar madara ba ce." An cire man shanun tun a can, an sayar da shi daban da tsada, an mayar da gurbinsa da man itatuwa, galibi na kwakwar manja. Shi ya sa yake da araha, shi ya sa kuma harshen Dada bai sami abin da yake nema ba. Daga baya yaron ya bincika ya gaya mini cewa a 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka ɗage iyakar da suka sa wa manomansu kan yawan madarar da za su fitar, madara ta yi musu yawa, rarar kuma ta nufo kasuwanninmu. Ni ban ƙi garin madara ba, har gobe. Ba don shi ba, yara da yawa a Kamaru ba za su ga farin abu a kofi ba, don abin da muke tatsa bai kai abin da ƙasar ke sha ba. Abin da ya hana ni barci shi ne na sayar da shi da sunan saniyar Dada, ita kuma saniyar ina mayar da nata gida.

Washegari na sa aka goge allon. Na raba roba biyu, na gari daban, na shanu daban, kowanne da kuɗinsa, mai saye ya zaɓa. Na rasa masu saye, ba zan ɓoye ba. Wasu sun ji haushin abin da na shayar da su a baya, suna da gaskiya. Amma wannan bai kawo nono da rani ba. Robar na shanu takan ƙare tun ƙarfe tara na safe.

Abin da ya sauya al'amarin masifa ce, ba dabarata ba. A shekarun nan masu garkuwa da mutane suka addabi makiyayan Adamawa, musamman ta wajen iyaka da Afirka ta Tsakiya. A 2018 suka shiga mashekarin su Dada da dare suka tafi da babban ɗanta. Sai da aka kai shanu sama da 40 kasuwa, aka sayar da su a wulaƙance don kowa ya san ana cikin matsi, sannan aka sako shi. Garken da aka gada tun kakanni ya koma shanu 14. Suka ce ba za su sake kwana a daji ba, suka dawo gefen gari suka kafa bukkoki. Rugage da yawa haka suka watse a lokacin. Gefen gari kuwa ba makiyaya: nan gonar masara, can wani mai kuɗi ya zagaye fili da waya, burtalin da aka sani an nome shi, inda ya rage kuma ciyawar nan da ake kira Bokasa ta mamaye, wadda shanu ba sa ci, ba ta kuma barin wata ta tsiro.

Na je yi musu jaje na tarar da ɗan Dada na biyu zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce mini, "Adda, shanu 14 ba sa tafiya cin rani, ba sa kuma rayuwa a nan." A nan muka yi shawarar da har yau muke kanta. Na ɗauki kuɗin adashina na sayi buhunan turto, wato tunkuzar gurya da ke fitowa daga matatun man auduga na SODECOTON a Garwa da Marwa. Shi kuma da damina ya shuka ciyawar birakariya a ɗan filin da aka ara masa, ya yanke ta kafin ta tsufa, ya shanya ya tara a rumfa. 'Yan'uwansa dariya suka yi ta yi masa, wai Bafilatani yana noman ciyawa. Muka ware shanu huɗu masu sababbin 'yan maruƙa, su kaɗai ake ba turto da busasshiyar ciyawa da gishiri, a kai su rafi sau biyu. Sharaɗina ɗaya ne: kuɗin nonon a hannun matarsa zan riƙa damƙawa, kamar yadda Inna take damƙa wa Dada. Ya yi shiru, sannan ya ce ya yarda.

A watan Maris na 2020, tsakiyar rani, shanun nan huɗu suna ba mu lita 11 zuwa 12 kullum. Ga wanda ya saba jin labarin shanun Turai wannan ba komai ba ne. A wurinmu kuwa abin a zo a gani ne, har daga wasu rugage ake zuwa kallon hantsarsu.

Kada a ɗauka daga nan sai daɗi. Turto yana tsada daidai lokacin da ake bukatarsa, don 'yan kasuwa kan saye su ɓoye tun kaka, masu kiwon shanun yanka kuma sun fi mu kuɗi. Wata shekara ciwon boru ya shiga garken, baki da kofato duk gyambo, nono ya ɗauke ɗif har mako uku, maraƙi ɗaya ya mutu. Allurar rigakafin ciwon huhu da wasu cututtukan a nan gida ake yin ta, a LANAVET, cibiyar magungunan dabbobi ta gwamnati da ke kusa da Garwa, muna kuma yi duk shekara, amma kaska da sammore kullum sai an sa kuɗi. Ga wani abin da ya dame ni: saniyar da aka yi wa allurar magani, bai kamata a sha nononta ba sai bayan wasu kwanaki, kuma ko kindirmo ba ya kamawa da kyau da shi. Sai da muka yi ta faɗa kafin aka saba ware ta. Sai wuta. A 2021 ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, arewa gaba ɗaya aka shiga rabon lantarki. Akwai daren da na yi asarar duk abin da ke cikin firji biyu, ana gobe zan kai wa masu biki. Shekara guda na yi ina zubi kafin na sayi firji mai aiki da hasken rana.

A 2020 ne muka ji a rediyo an sauke karsana 165 masu ciki a filin jirgin saman Garwa, irin Mambeliyad daga Faransa, da kuɗin Bankin Duniya. Daga baya na je da ɗan Dada gonar wani alhaji muka ga irinsu. Jajaye da fari, ba tozo, hantsa kamar tulu. Abin da ɗaya ke bayarwa a rana ya fi na shanunmu huɗu a haɗe, kuma ba ta jiran maraƙi. Na tsaya ina ta tasbihi. Ɗan Dada kuwa ba hantsar yake kallo ba, kwamin abincin yake kallo, da tankin ruwa, da rumfar kwano, da yaron da aikinsa kawai feshin kaska. Da muka fito ya ce, "Adda, wannan in ta kwana biyu a wurina sai dai a kira mahauci." Gaskiya ya faɗa. Shanun suna da kyau, ina kuma fatan su yi yawa. Amma mafi yawan nonon ƙasar nan a rugage irin tasu yake, a jikin gudali da farare da jajayen shanun Mbororo. Da za a tambaye ni, cewa zan yi a fara da abin da saniya za ta ci a watan Maris, da wurin sanyaya madara a kusa da ruga, da hanyar da babur zai bi a watan Agusta. Mu dai abin da muka iya shi ne barbara ta allura: likitan dabbobi ya yi wa gudali biyu, ɗaya ta ɗauka. 'Yar da ta haifa ruwa biyu ce, tana jure kaska fiye da na Turai zalla, bara ta yi haihuwar fari, tana ba da lita bakwai.

Dada ba ta ga wannan karsanar ta haihu ba. Ta rasu a daminar 2022. Amma kafin nan, a ranin 2021, na kai mata kindirmo a 'yar ƙwarya har bukkarta, na nonon shanun ɗanta da na dafa na kwantar da hannuna. Idonta ya riga ya tafi gaba ɗaya. Na sa mata ludayi a hannu. Ta sha, ta ƙara, ta ƙara, sannan ta kira sunan saniyar. Ta ce wannan na jar nan ce mai karyayyen ƙaho, jikar wadda na gani ina yarinya. Surukarta ta ce wallahi ita ce aka tatsa da safen. Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da Inna a aljanna.

Yanzu rugage uku nake hulɗa da su, duk da sharaɗi ɗaya, kuɗi a hannun matan. Har yau ina sayen buhu, don lita 25 da nake samu da rani ba ta isar masu zuwa, kuma akwai wanda ƙarfinsa na garin ne kawai. Robobin nan biyu suna nan, kowace da rubutunta. Autata tana karatun sarrafa abinci a jami'ar Ngaundare da ke Dang, tana ta matsa mini mu gwada cuku da rarar damina maimakon a zubar. Mun gwada sau biyu a watan Agustan da ya wuce, na farko ya lalace, na biyu wani mai gidan abinci ya saye duka ya ce a ƙaro. Turton bana na riga na saya tun Nuwamba, buhu 30, yana jibge a ɗakin da buhun madara yake zama a da.